Ziyarar Ilmi Zuwa Rano: Yadda Dutse da Daji Suka Haifi Kasuwa

Gabatarwa

Sau da yawa idan makaranta ta fitar da ɗalibanta ziyarar buɗe ido, abin da ake dawowa da shi bai wuce gajiya da tsaraba ba. An ƙona mai, an ɓata yini guda, amma idan aka tambayi yaro abin da ya gano sai ya ce ya ga duwatsu da shanu. Dalili kuwa shi ne an tafi ba tare da wata tambaya da ake neman amsarta ba. Wannan maƙala ta ɗauki tambaya guda ɗaya: me ya sa tsofaffin garuruwan kasuwa suka fi kafuwa a gaɓar da ƙasar noma ta haɗu da duwatsu da daji?

Garin da aka zaɓa domin amsa tambayar shi ne Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, wanda ke kimanin kilomita sittin kudu da birnin Kano. Ɗalibin da ke Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana bakin hanyar zuwa can, domin Titin Zariya ne ake bi. Ana iya tashi da hantsi a dawo kafin magariba. Wanda ya tafi da littafin rubutu da ido a buɗe zai tarar cewa labarin ƙasa da ilmin tsirrai da kimiyyar sinadarai da tarihi, waɗanda ake koyar da su daban-daban a aji, duk a haɗe suke a wuri ɗaya.

Darasi Tun Daga Kan Hanya

Karatun yana farawa tun kafin a bar gari. Unguwannin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a wajen ganuwar Kano suke, kuma dattawan wurin suna iya nuna inda gonaki suke a da kafin gine-gine su cinye su. Suna cikin kewayen nan na birni wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960, inda ya nuna yadda manoma suke nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da barinta ta huta ba, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da ake kai musu a kan jakuna. Ke nan tun asali birni da karkara suna ciyar da juna.

Idan mota ta wuce Unguwa Uku da Na'ibawa, inda kasuwar 'Yan Lemo take, sai a isa gadar Tamburawa, kusa da inda Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa. A nan akwai matatar ruwa da ke ba birni wani ɓangare na ruwan famfonsa. Ya kamata malami ya sa a rubuta wannan, domin za a sake cin karo da labarin wannan ruwa a gaba. Daga Ƙarfi sai a bar Titin Zariya, a bi ta Bunkure zuwa Rano.

Abubuwa uku ne ya kamata a lura da canjawarsu a kan hanya. Na farko shi ne shimfiɗar ƙasa: a kusa da birni fili ne shimfiɗaɗɗe, amma da an matsa kudu sai duwatsu su fara ɓullowa ɗaiɗai. Na biyu shi ne amfanin gona: a yankin Kura da Bunkure za a ga fadamun shinkafa da magudanan ban-ruwa, a tudu kuma dawa da masara da gyaɗa. Na uku shi ne itatuwa, waɗanda irinsu da yawansu suke sauyawa sannu a hankali. Waɗannan alamu uku su ne suke nuna cewa ana tunkarar gaɓar da ƙasa iri biyu suka haɗu.

Duwatsun Kudancin Kano

Ɗalibin Kano ya san Dala da Goron Dutse. Samansu marmara ce, wato ja-ja ɗin dutsen nan mai arzikin ƙarfe wanda yake samuwa idan ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa, ya tafi da sinadaran da ke narkewa, ya bar ƙarfe ya daskare. Daga irinta ne mutanen da suka zauna a gindin Dala suka riƙa samun tama, kuma masu haƙar kayan tarihi sun gano alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na bakwai.

Duwatsun kudu daban suke. Mafi yawansu irin dutsen nan ne da masana ke kira giranit, wanda asalinsa narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Saboda ya huce a hankali, ƙwayoyinsa sun sami damar girma har ido yana iya ganinsu. Idan aka fasa ɗan gutsure aka duba, za a ga ƙwayoyi iri uku: masu haske kamar gilashi, su ne ƙanƙara, farare ko masu ɗan ja-ja, su ne felsifa, da ƙanana baƙaƙe masu ƙyalli, su ne maika.

To, yaya dutsen da ya daskare a cikin ƙasa ya fito sarari? Ruwan sama yana bin tsagogin dutse yana ruɓar da shi a hankali. Inda tsagogi suka yi yawa, dutsen yakan ruɓe har zurfin mita da yawa, ya zama ƙasa. Inda kuwa dutsen yake dunƙule ba tsaga, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Bayan dubban shekaru zaizaya takan kwashe ruɓaɓɓen ɓangaren, ta bar dunƙulen a tsaye. Wannan shi ne asalin falalen duwatsu da curarrun duwatsun da ake gani sun hau juna kamar an jera su da hannu.

Ruɓewar dutse ita ce tushen ƙasar noma. Felsifa takan rikiɗe ta zama yumɓu, ƙanƙara kuwa ba ta ruɓewa, sai dai ta farfashe ta zama rairayi. Ruwa yakan bar rairayi a tudu, ya gangara da yumɓu zuwa kwari, shi ya sa jigawa take sama, fadama take ƙasa. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana sauka a gonaki kowace shekara tana ƙara musu sinadarai.

Dutse yana da wata fa'ida ga mazauna gindinsa. Ba ya shan ruwa, saboda haka ruwan da ya zuba a kansa yakan gangaro ya taru a ƙasar da ke kewaye da shi, wurin ya daɗe da laima. Haka kuma a zamanin yaƙe-yaƙe kansa wurin hangen abokan gaba ne, kogunansa kuma mafaka ce. Ruwa da tsaro su ne abubuwa biyu na farko da mai kafa gari yake nema.

Ruwan Sama da Itatuwa

Ruwan damina a ƙasar Hausa yana zuwa ne da iskar da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Wannan iska tana riga isa kudu kafin arewa, kuma kudu ce take bari daga ƙarshe. Saboda haka kowace tafiya zuwa kudu tafiya ce zuwa ga damina mai tsawo. Birnin Kano yakan sami milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, amma a ƙarshen kudancin jihar, wajen Doguwa da Riruwai, ruwan yakan haura milimita 1,000. Tudu ma yana taimakawa, domin birnin bai kai mita 500 a saman teku ba, alhali duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000.

Itatuwa su ne suke fallasa wannan bambanci. A gonakin kewayen Kano za a ga kuka da tsamiya da ɗorawa da gawo, waɗanda manoma suka bari da gangan saboda amfaninsu. Gawo yana da wata ɗabi'a ta daban: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Wannan shi ne yankin da masana ke kira dajin Sudan. Idan aka wuce Rano zuwa Tudun Wada da Falgore, sai doka da maje da kaɗanya da kawo su yawaita, ciyawa ta yi tsawo. Wannan kuma shi ne dajin Gini na arewa.

Dajin Falgore, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, an keɓe shi a 1949 da sunan dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a 1969. Kogin Kano yana ratsa shi bayan ya taso daga gindin tsaunukan Jos. Rano ba a cikin wannan daji take ba, tana arewa da shi ne, a wurin da cunkoson gonaki yake fara sassautawa, duwatsu da makiyaya suke fara yawaita.

Abin da Ya Sa Kasuwa Take Tsayawa a Gaɓa

Ciniki ba ya ƙulluwa sai tsakanin mutanen da abin hannunsu ya bambanta. Mai dawa ba ya da abin da zai nema wurin mai dawa. Amma idan manomi ya haɗu da makiyayi, kowa yana da abin da ɗan'uwansa yake buƙata. Daga gonaki ake kawo hatsi da gyaɗa da wake da auduga. Daga daji da duwatsu ake kawo shanu da nono da man shanu da zuma da man kaɗe da itace da gawayi da saiwoyin magani. Daga birni kuma ake kawo gishiri da tufafi da kayan ƙira. Wurin da ya fi sauƙin isa ga kowane ɓangare shi ne gaɓar da ke tsakani, kuma nan kasuwa take tsayawa.

Zirga-zirgar makiyaya ma tana bin ƙa'idar yanayi. Da rani Fulani sukan gangara kudu da bakin koguna neman ciyawa da ruwa. Da damina sukan janye zuwa arewa ko tudu, domin a kurmin kudu ƙudan tsando yakan yawaita, shi ne kuma yake ɗauke da cutar sammore mai kashe shanu. Garin da ke kan wannan hanya yakan ga garke sau biyu a shekara. Bayan kaka manomi yakan bar shanu su ci karan gonarsa, su kuma su bar masa taki. Wannan musaya ce da ba a biyan kuɗi, amma ƙarfin gona ya dogara a kanta.

Saura tambaya guda: me ya sa kasuwannin karkara suke ci rana ɗaya ko biyu a mako, ba kullum ba? Wani masani Bajamushe mai suna Walter Christaller ya kawo ƙa'idoji biyu a 1933 waɗanda suke taimakawa wajen gane wannan. Ta farko ita ce kowace sana'a tana da adadin masu saye da take buƙata kafin ta riƙe mai ita. Ta biyu ita ce kowace haja tana da iyakar nisan da mutum zai yarda ya taka dominta. Ba mai tafiyar yini guda don sayen barkono, amma ana yin ta don sayen sa.

Alal misali, mai tafiya a ƙasa yakan ci kimanin kilomita biyar a awa ɗaya. Idan zai je kasuwa ya dawo a rana guda da kaya a ka, da wuya ya wuce kilomita goma zuwa goma sha biyar. Mutanen da ke cikin wannan da'ira ba za su isa su riƙe mai sayar da yadi kullum ba. Dabarar ita ce a tara masu saye na mako guda a rana ɗaya, shi kuma ɗan kasuwa ya riƙa zagaya garuruwa. Shi ya sa kasuwar Wudil take ci ranar Juma'a, ta Ɗambatta ranar Lahadi, ta Maigatari ranar Alhamis, kuma kasuwanni maƙwabta suke kauce wa cin karo da juna. Motoci da babura sun faɗaɗa da'irar a yau, amma tsarin ranakun yana nan.

Rano a Tarihi: Garin Baba da Iyakar Yaƙi

Labarin Bayajidda ya lissafa Rano tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram, kuma har yau ana yi wa Sarkin Rano kirari da Autan Bawo. A rabon ayyukan da labarin ya kawo, Katsina da Daura su ne sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi, Kano da Rano kuma sarakunan baba, wato masu rini. Masana tarihi ba su ɗauki wannan labari a matsayin rahoton abin da ya faru daki-daki ba, amma yana nuna sana'ar da mutanen da suka san kowace ƙasa da ita.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba. Daga baya Rano ta shiga ƙarƙashin Kano, amma ta ci gaba da riƙe sarautarta. A wannan yanki na kudu ne, a Burumburum, aka kashe Sarkin Kano Alwali wajen 1807 a ƙarshen jihadi. A tsakiyar ƙarni na sha tara kuma, bayan Malam Hamza da jama'arsa sun bar Tsakuwa wajen 1846 sun kafu a duwatsun Ningi, garuruwan kudancin Kano sun sha hare-haren Ningawa, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru yana fafatawa da su. A nan ana ganin fuska ta biyu ta zama a gaɓa: hanyar da ke kawo haja ita ce ke kawo mahara. A zamanin nan an ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka soke dokar a Mayun 2024, sannan a Yulin shekarar aka mai da ita masarauta mai daraja ta biyu a kan ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya.

Rini kuwa darasin kimiyyar sinadarai ne cikakke. Ganyen baba kore ne, kuma sinadarin da ke cikinsa, mai suna indikan, ba shi da launi. Sai an sarrafa ganyen ya ruɓa yake zama shuni. Shuni kuma ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zare haka nan ba. Marina sukan zuba shi a karofi tare da toka da katsi, su bar shi kwanaki. Toka tana mai da ruwan mai kaifi irin na ruwan kanwa, ƙananan halittun da ido ba ya gani kuma suna cinye iskar oksijin da ke ciki. A wannan hali shuni yakan rikiɗe ya zama mai narkewa, launinsa ya koma tsanwa-tsanwa. Idan aka tsoma zane aka fito da shi, iska takan taɓa shi, nan take shunin ya koma asalinsa, ya maƙale a cikin zare. Yawan tsomawa shi ke ƙara duhun launi. Marina sun ƙware a wannan ɗaruruwan shekaru kafin a san sunan oksijin.

Sana'ar tana buƙatar auduga da baba da ruwa da itacen toka, kuma duk ana samunsu a wannan gaɓa. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin ƙasar Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, kuma turkuɗin Kura ya yi suna a wurin Buzaye. Amma a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, yadin Turai kuma ya cika kasuwanni, rinin karofi ya yi ta ja da baya. Wanda yake son ganin aikin da idonsa a yau, marinar Ƙofar Mata a birni ita ce mafi sauƙin zuwa.

Tiga: Sabuwar Gaɓa

A tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, ba nisa da Rano. Tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga gare ta babbar magudana take ɗaukar ruwa ta bi ta Ruwan Kanya zuwa filayen Bunkure da Kura da Kadawa, inda aka tsara ban-ruwan hekta 22,000 a kashin farko na aikin. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa da ake nomawa da rani sun canja hajar kasuwannin yankin, kuma ragowar ruwan da aka saki a kogi yana gangarowa har Tamburawa. Ashe ruwan da ya sauka a dajin Falgore yana iya ƙarewa a randar wani gida a Tarauni.

Sai dai kowane gyara da nasa ɓarnar. Fadamun da shanu suke kiwo da rani sun zama gonaki, burtalai sun ƙuntata, saɓani tsakanin manomi da makiyayi ya ƙaru. Ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta ta ragu. Ruwa mai tafiya a hankali ya zama mazaunin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya. Saran itace domin gawayi kuma yana barin ƙasa tsirara, ruwa ya kwashe ta ya zuba a tafkin, ya rage masa zurfi. Idan ɓangaren daji ya lalace, kasuwar da ke gaɓa za ta rasa rabin abin da ya kafa ta.

Makamancin Haka a Ingila

Wannan ƙa'ida ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A kudu maso yammacin Ingila akwai wani tudu mai suna Datmo, mai faɗin murabba'in kilomita 954, wato kusan daidai da Falgore. Shi ma giranit ne, amma sanyi da yawan ruwa da tsamin ƙasa sun hana noma a kansa, sai gajerun tsirrai da tumaki da shanu da ƙananan dawaki. A gefensa na yamma akwai garin Tabistok, wanda Sarki Henri na Ɗaya ya ba shi izinin cin kasuwa a 1105. A 1305 aka sa shi cikin garuruwan da ake auna kuzar da aka haƙo daga tudun a karɓi harajinta. Kudancin Kano ma yana da tasa kuzar a Riruwai, a cikin wani giranit mai ƙarancin shekaru, wanda ya samu tsakanin shekara miliyan 150 da 200 da suka wuce. Yanayin wuraren biyu ya sha bamban, amma dalilin kafuwar kasuwa ɗaya ne: makiyayi da mahaƙi suna saukowa, manomi yana hawowa, su haɗu a tsakiya.

Ayyukan da Ɗalibai Za Su Yi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da hanya ta bushe, hatsi ya shigo, shanu kuma suka sauko gonaki. Malami ya fara bincika ranar da kasuwa take ci, ya kuma aika wa hukumar yankin da fada takarda tun da wuri. Sannan a kasa ɗalibai rukuni huɗu.

Rukuni na farko su riƙa rubuta irin itatuwa da amfanin gona da launin ƙasa a kowane kilomita goma, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Rano. Rukuni na biyu su ɗebo ƙasa daga tudu da gindin dutse da fadama. A makaranta a zuba kowace a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye: rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu kuwa sai ya kwana, kuma da abin awo za a iya gwada kaurin kowane. Rukuni na uku su zagaya kasuwa su lissafa haja ashirin, su tambayi inda kowace ta fito da inda za ta, sannan su kasa su uku: na gona, na daji, na birni. Rukuni na huɗu su rubuta farashin mudun dawa da masara da wake, a gwada shi da na kasuwar Tarauni a makon, a nemi dalilin bambancin cikin kuɗin mota da dako da ladan dillali.

Ladabi yana cikin aikin. A fara gaida Sarkin Kasuwa, a gaida dattijo da "Baba, barka da kasuwa" kafin a tambaye shi, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Kada a sa hannu a ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama, kada a shiga magudanar ruwa saboda tsargiya. Dajin Falgore kuwa ya yi fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi a shekarun 2010, saboda haka ba wurin da makaranta za ta shiga ba ne sai da izini da rakiyar hukuma.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya tsaya a gindin dutse a Rano, ya fasa gutsure ya ga ƙwayoyinsa, ya shiga kasuwa ya ga Bafillatana da ƙwaryar nono kusa da mai awon dawa, ya riga ya ga amsar tambayar da aka fara da ita. Dutse ya ba da ruwa da tsaro da ƙasar noma, bambancin ruwan sama ya ba da haja iri biyu, kasuwa kuma ta tsaya a inda suka haɗu. Daga cikin ɗaliban da ke aji a yau za a sami malaman gona da injiniyoyin ruwa da masu shata burtali na gobe. Wanda ya taɓa auna ƙasar fadama da hannunsa, ya kuma ji ta bakin manomi da makiyayi a rana ɗaya, zai fi sanin abin da ke cikin hukuncin da zai yanke a kan gona da daji.